Yadda na zaɓi gatarin hawan ƙanƙara a Sikotilan

A tsaunukan Sikotilan, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, mai hankali ba ya fita sai da gatari a hannu da ƙarafa masu haƙora ɗaure a ƙasan takalmi. Tsaunukan ba wani tsawo gare su ba, domin Ben Nevis da ya fi duk na Birtaniya mita 1,345 ne kacal. Yanayin wurin ne abin tsoro. Dusar ƙanƙara ta zuba yau, gobe iska mai ɗumi ta taso daga Tekun Atilantika ta narkar da samanta, jibi sanyi ya dawo ya daskarar da ita, ta yi tauri ta yi santsi. Wanda ƙafarsa ta zame a kan irin wannan gangare, in babu abin da zai caka ya tsayar da kansa, sai inda dutse ya tare shi.

Karatu ne ya kai ni Gilasgo, ƙungiyar ɗalibai masu hawan tsauni kuma ta ja ni cikin wannan harka. Da kayan aro na fara, daga ɗakin ajiyar ƙungiyar, inda ake miƙa maka duk gatarin da hannu ya fara kaiwa gare shi. Wani ya yi tsawo har yana jan ƙasa, wani bakinsa ya dakushe, wani robar ƙotarsa ta saɓule. Da na ga abin ya shiga raina, sai na ce gara in mallaki nawa.

A kantin kayan hawa da na shiga a Fort William, garin da ke gindin Ben Nevis, bango guda aka ware wa gatura, an rataye su jere, daga miƙaƙƙu zuwa waɗanda suka lanƙwashe har mutum ya rasa ta ina ake riƙe su. Idona kai tsaye ya tafi kan lanƙwasassun, don su nake gani a hannun gwanaye a bidiyo. Wata dattijuwa da ke aiki a wurin ta bar ni na gama jujjuya su, sannan ta ce, “Samari, ina za ka hau da shi?” Na fara lissafa mata wuraren da nake buri. Ta ce ba buri ta tambaya ba, tana nufin Asabar mai zuwa da wadda ke binta. To, amsar wannan kam ba ta wuce tafiya a kan doron tsauni ba, da kwazazzabai masu sauƙi irin su Number Four Gully da ke fuskar arewa ta Ben Nevis, waɗanda a ma'aunin Sikotilan suke mataki na I. Sai ta ja ni zuwa ɗaya ƙarshen bangon.

Kafin in ci gaba, ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa riƙe shi ba. Kan gatarin fuska biyu gare shi. Gaba akwai dogon baki siriri mai haƙora a ƙasansa, shi ake cakawa. Baya kuma ko dai gizago, wanda ake sare matakala ko share dusa da shi, ko guduma ta buga ƙusa a tsagar dutse. Sai ƙota, galibi ta alminiyam, sai tsini a gindinta da ake soka wa dusa idan ana dogarawa. Shi ke nan. Amma ɗan bambanci a lanƙwasar baki ko ta ƙota ya isa ya mai da shi wani abu daban, har ya zama wanda ya dace da wani aiki bai dace da wani ba.

Na farkon da na saya na tafiya ne: ƙota kusan miƙaƙƙiya, bakin ya ɗan rusuna a hankali, da gizago a baya. Kowane kamfani yana da irinsa, Raven na Black Diamond, Cirque na DMM da ake ƙerawa a Llanberis ta ƙasar Wales, Summit na Petzl, kuma a lokacin ba su kai fam 100 ba. Rigimar tana wajen tsawo. Tsohuwar ƙa'ida ita ce ka tsaya, ka riƙe shi ta kai, ka saki hannu, tsinin ya kai idon sawu. Da wannan lissafi ni na santimita 65 ya kamata in ɗauka. Malaman hawa na yanzu da yawa ba su yarda da haka ba, kuma na ga gaskiyarsu da kaina. Gatari ba sandar dogarawa a fili ba ne. A gangare ake buƙatarsa, a hannun da ke wajen tudu, inda ƙasa ta taso kusa da kai. Idan ya yi tsawo, duk sukar da za ka yi sai ka ɗaga hannu har saitin kafaɗa, kafin a kai sama kafaɗar ta gaji. Na ɗauki na santimita 55. A fili yana lilo bai taɓa ƙasa, kuma ban damu ba, don a fili sandunan tafiya nake riƙewa.

Akwai wasu marasa nauyi ƙwarai, kan nasu ma alminiyam ne, ba su wuce giram 250 ba. An yi su ne domin masu sulu a kan dusa da ke son rage kaya. A kanti suna da daɗin ɗauka. A kan daskararriyar dusa kuwa tsalle suke yi su dawo, ba sa shiga, sare matakala da su wahala ce. Na zaɓi mai kan ƙarfe, nauyinsa ɗan ƙasa da rabin kilo.

Amfanin wannan lanƙwasa mai laushi ban fahimce shi sosai ba sai ranar da aka kai mu koyon tsayar da kai a Coire an t-Sneachda, wani kwari a tsaunukan Cairngorm kusa da Aviemore. Malamin ya zaɓi gangaren da ƙarshensa shimfiɗaɗɗe ne, babu duwatsu. Kana riƙe da kan gatarin, gizago na kallon gaba, baki na kallon baya. Ka kwanta, ka saki jiki ka fara sulalewa. Sai ka jawo gizagon ka manna shi a ramin kafaɗarka, ƙotar ta gitta ƙirjinka, ɗaya hannun ya rufe tsinin gindin don kada ya kama dusa ya wuntsila ka. Ka juya rubda-ciki, ka ɗora nauyin ƙirji a kan ƙotar, ka buɗe gwiwoyi, ka ɗaga ƙafafu sama. Ɗaga ƙafar nan ba wasa ba ne: idan haƙoran takalmi suka kama dusa kana cikin gudu, ko dai ka yi alkafura ko idon sawu ya karye. Bakin yana shiga a hankali, yana tsaga dusar da wata ƙara mai kaushi, garinta na feso maka a fuska da wuya, gudun yana raguwa har ka tsaya. Muka yi ta maimaitawa, a kwance ta baya, kai a ƙasa, ta kowace fuska. Daga baya malamin ya miƙo mini nasa na hawan tsaye, mai bakin da ya karkato ƙasa sosai, ya ce in gwada. Ina cakawa ya kama nan take, ya fizge hannuna sama da kaina, da ƙyar na riƙe shi. Abin da ya sa ya yi fice a bangon ƙanƙara shi ne ya sa bai dace da wannan aiki ba.

Wani abin da na koyi dubawa shi ne alamar da ke jikin ƙota da baki. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13089, da takwararta UIAA 152 ta ƙungiyar masu hawan tsauni ta duniya, sun raba gatura gida biyu. A da ana rubuta B ga na aikin yau da kullum, T ga mai ƙarfi. Yanzu ana cewa nau'i na 1 da na 2, amma har yau T ɗin nan cikin da'ira ita ake gani a jikin masu ƙarfin. Ana gwada baki daban, ƙota daban, saboda haka za ka iya samun ƙota mai T da baki mai B a jikin gatari guda. Ga mai tafiya kawai, B ya wadatar. Ni na nemi ƙota mai T, saboda a Sikotilan ana yawan haƙa rami a binne gatarin a kwance cikin dusa, a ɗaura masa igiya, ya zama shi ne turken da ke riƙe da mutum biyu.

Wannan guda ɗaya ya ishe ni har matakin II, ciki har da hanyar Ledge Route a Ben Nevis. Da abokan hawa suka fara maganar mataki na III da na IV, inda gangare ke miƙewa tsaye kuma dole hannu biyu su yi aiki, sai maganar sayen ma'aurata, wato gatura biyu, ɗaya a kowane hannu, ta taso. A nan ne kuɗi suke, don a lokacin kowane ɗaya wajen fam 200 ne, kuma a nan na fi ɓata lokaci.

Na fara da tambayar dalilin wannan siffa tasu, kuma amsar tana nan kusa, a kan tsaunukan da muke hawa. Har zuwa shekarun 1960, da dogon gatari mai ƙotar itace ake hawan ƙanƙara, ana sare wurin sa ƙafa da wurin sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Point Five Gully, shahararren kwazazzabon nan na Ben Nevis mai tsawon sama da mita 300, kwanaki aka kwashe ana fama da shi kafin a fara cin sa a 1959. A Fabrairun 1960 Jimmy Marshall da Robin Smith suka haye shi cikin awa bakwai, da sara kawai, kuma har yau ana jinjina musu. A 1966 Ba'amurke Yvon Chouinard, wanda daga baya ya kafa kamfanin Patagonia, ya sa maƙeran Charlet a yankin Chamonix na Faransa suka yi masa gajeren gatari na santimita 55 mai lanƙwasasshen baki, wanda ke bin da'irar da hannu ke yi wajen sara, ya shiga ya zauna. A Glencoe ta Sikotilan kuma Hamish MacInnes, jagoran masu ceto a tsaunukan yankin, wanda ya ga yadda ƙotar itace ke karyewa ta jawo asarar rai, ya koma yin gatari na ƙarfe zalla. A wajen 1970 ya fito da Terrordactyl, gajere mai bakin da ya karkato ƙasa ƙwarai. Daga nan aka daina sare matakala, aka koma caka gatari biyu ana rataya a jikinsu, ƙafafu na kan haƙoran gaba na takalmi, waɗanda Laurent Grivel ya ƙirƙiro tun 1929 a Courmayeur ta Italiya. Bakin da ake yayi yau, wanda ya karkato ƙasa sannan ya ɗan lanƙwaso sama a ƙarshe don ya yi sauƙin zarewa, kamfanin Simond ne ya yaɗa shi da samfurinsa Chacal. Tsofaffin da suka yi zamani da Terrordactyl duk labarinsu ɗaya ne, na yatsun da suka farfashe, don miƙaƙƙiyar ƙota tana haɗa hannu da ƙanƙara a duk sara. Shi ya sa aka lanƙwasa ƙota.

Sanin wannan ya taimaka, amma hannu ne ya yanke hukunci. A wancan lokaci akwai bangon ƙanƙara na cikin gida a Kinlochleven, cikin ginin tsohuwar masana'antar alminiyam, wani ƙaton ɗakin sanyi da ake shiga da hular kwano. Can na riƙa zuwa da gaturan da na aro a hannun abokai. Wanda ya taɓa faskaren itace zai zo da tunanin cewa ƙarfi ne abin, a ɗaga da kafaɗa a maka. A nan ba haka ba ne. Gwiwar hannu na sama, kusa da kai, ka saki gatarin ya tafi, a ƙarshe ka karya wuyan hannu kaɗan. Idan ya zauna da kyau kunne ne ke fara sani: ƙara guda mai nauyi, tuf, ƙotar ta ɗan yi rawa ta tsaya. Idan ƙarar ta fito fayau, ko ka ga farin zobe ya bayyana kewaye da bakin, to ƙanƙarar ta tsage, faifai guda zai ɓallo ya nufo fuskarka ko kan wanda ke riƙe maka igiya. Wanda ya maka da ƙarfi kuma zai sha wahalar zarewa, ya tsaya yana girgiza shi sama da ƙasa har damtsensa ya cika. Gefe da gefe kam ba a girgizawa, haka ake karya baki.

A nan na gane cewa nauyin da aka rubuta a takarda ba shi ne labarin ba. Biyu za su zo nauyi ɗaya, wajen giram 550 zuwa 600, amma ɗaya nauyinsa na kai, yana shiga da kansa, ɗayan kuma nauyin ya bazu a ƙota sai ka tura shi. Sai kuma mariƙi. Ka gwada shi da safar hannun da za ka sa a kan tsauni, mai kauri, ba da hannu tsirara a cikin kanti mai ɗumi ba. Wani da na so ƙwarai, da na sa babbar safata sai ɗan ƙaramin yatsana ya matse a jikin madogarar da ke gindin mariƙin. Matsewa kuwa tana hana jini gudu, kuma duk wanda ya taɓa jin azabar da ke zuwa idan jini ya dawo cikin daskararrun yatsu, har da tashin zuciya, ba zai raina wannan ba.

Jarabawar gaskiya ita ce Nomic na Petzl da ire-irensa, irin su Tech Machine na Grivel. Mariƙinsu ya fita daga layin ƙota, hannu na zaune a ciki daram, a bango mai tsaye ba ka jin kana matse komai. Na hau da shi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Wanda aikinsa hawan daskararrun magangarun ruwa ne a Rjukan ta Norway ko Cogne ta Italiya, ban ga abin da zai hana shi saya ba. Sai dai ranar hawa a Sikotilan ba haka take ba. Daga mota zuwa gindin fuskar arewa ta Ben Nevis tafiyar kusan awa biyu ce, ka wuce bukkar masu hawa ta CIC da aka gina a 1929, sannan ka hau dogon gangaren dusa kafin a ɗaura igiya. A sama kuma wani gangaren na jira, sau da yawa da leɓen dusa da iska ta gina wanda sai an sare shi. Duk wannan yana son gatarin da za a soka gindinsa ya nutse, a riƙe shi ta kai a dogara. Mariƙin nan mai daɗi ba ya nutsewa. Ga rana gajeriya: a ƙarshen Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi Magariba, Azahar da La'asar ma kusan a jere suke zuwa, babu lokacin tsayawa ana canza kaya.

Saboda haka na tsaya a tsakiya, ajin su Quark na Petzl, Viper na Black Diamond da Fly na DMM: tsawon santimita 50, ƙota ta lanƙwasa daga sama, ƙasanta kusan a miƙe, da tsini na gaske, da madogarar yatsa da ake iya kawar da ita idan za a soka. Quark ne ya zauna mini a hannu, shi na saya. Abokina da muke tsawo ɗaya ya gwada shi ya ce sam, ya ɗauki Viper, kuma hawa ɗaya muke yi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɗaya mai gizago, ɗaya mai guduma. Masu hawan busasshen dutse da gatari sukan cire gizagon, don idan baki ya kuɓuce shi ke dawowa ya tsaga goshi ko leɓe. A Sikotilan ban ga yadda za a yi babu shi ba, don da shi ake share dusa a nemo tsagar da za a sa abin tsaro, da shi ake sare wurin tsayuwa. Bakin kuwa ana kwance shi a canza, kuma iri biyu ne. Na ƙanƙara zalla siriri ne, wajen milimita 3 a tsininsa, yana shiga ba tare da fasa ta ba. Na gauraye ya fi kauri, wajen milimita 4. Shi na sa, domin yawancin hawan Cairngorm ba ƙanƙara ba ce tsantsa: ka rataya baki a gefen dutse, ka cusa shi a tsaga ka murɗa ƙota har ya cije, ka caka shi a daskararriyar ƙasa mai ciyawa, wadda idan ta daskare sosai ta fi ƙanƙarar ma riƙo. Siririn baki ba ya daɗewa a irin wannan aiki.

Batun igiyar wuyan hannu ban daɗe a kansa ba. Yawancin mutane sun daina ɗaure gatari a hannu, don ya hana ka sauya hannu ko sakin hannun ka girgiza shi. Na sayi igiya mai talewa mai reshe biyu da ake maƙalawa a ɗamarar hawa, don kada gatari ya suɓuce ya bar ni da ɗaya a tsakiyar bango. Ba a yi ta don ta tare faɗuwa ba, an ma rubuta haka a jikinta.

Na leƙa na hannu kafin in sayi sababbi, kuma ana samun masu kyau. Abin dubawa shi ne ƙota, ko ta lotsa ko ta tsage, musamman inda ta haɗu da kai, sai ka riƙe kan ka girgiza ka ji ko yana motsi, sannan ka tabbatar har yanzu ana sayar da bakin wannan samfuri. Wanda na samu da araha a nan ya faɗi, an daina yin bakinsa, nasa kuma an goge shi har haƙori na farko ya kusa ɓacewa.

Gugar ma sai da aka nuna mini. Da magagari ake yi, da hannu, a bi siffar da bakin ya zo da ita, a tura gaba kawai. Injin wasa wuƙa yana zafafa ƙarfen ya kashe masa tauri. Bayan kowace fita ina shanya su kafin in ajiye saboda tsatsa, in bi notocin kai da sifana.

Da bazara ta kai mu tsaunukan Alps, muka nufi Gran Paradiso a Italiya, mai mita 4,061. Hanyar da aka saba bi doguwar tafiya ce a kan kogin ƙanƙara, sai ɗan hawan dutse a ƙarshe. Ma'auratan nan masu tsada a Gilasgo na bar su. Na santimita 55 ɗin nan na ɗauka, na naɗe bakinsa da tsininsa da kwali da salatif, na sa shi a jakar da ake aunawa, don ba a shiga da shi cikin jirgi a hannu.